Babi na Biyar: Gyaran Cikin Kwali

A wani shago kusa da tashar mota a Birnin Kudu mun taɓa shafe kwana huɗu muna neman lamba ɗaya. Shagon ciki ɗaya ne, da benci biyu, da talabijin biyu a kan teburin katako, sai wani labule mai kauri da aka rataya a ƙofa don kada hasken rana ya kashe hoto. A talabijin ta dama ƙwallo ake bugawa tun safe har dare. Ta hagu kuwa mai shagon yakan sakar mana ita idan kasuwa ta yi sanyi, mu sa faifan da ba na ƙwallo ba. A nan muka gamu da Metal Gear Solid, gem ɗin da Hideo Kojima ya shirya wa kamfanin Konami a 1998, wanda bai iso hannunmu ba sai da ya sha shekaru a duniya.

Labarin wani soja ne da aka tura shi kaɗai ya kutsa wani sansani a can wani tsibiri na Alaska, yana magana da mutanensa ta wata 'yar oba-oba, kowa da lambarsa. Ana cikin tafiya sai ka iske wani dattijo a ɗaure. Bayan ka cece shi, zai ce maka lallai ka nemi wata budurwa soja mai suna Meryl, amma lambarta ta kwanta masa, ka duba bayan kwalin faifai. Ni ne tafinta a ranar, don na ɗan fi sauran jin Turanci. Na faɗa musu abin da ya ce. To, dattijon nan ya miƙa wa sojan wani faifai a cikin wasan, saboda haka muka duƙufa a kansa, mu zaɓe shi a jerin kayan sojan, mu danna wannan, mu danna wancan, shiru kake ji. Sai a rana ta biyu wani ya ce, "Kai, anya ba kwalin gaske yake nufi ba?" Muka ce da mai shagon, "Yaya, don Allah ina kwalin faifan nan?" Ya jawo durowa ya miƙo mana abin da faifan ya zo a ciki: leda ce shara-shara, da takarda guda mai hoton sojan, kalar duk ta koɗe. Muka juya bayanta. Fari fat.

Wanda ya fitar da mu kunya wani yaro ne marar yawan magana, mahaifinsa mai gyaran rediyo. Ya ce tunda tasha ce, ai sai a murɗa a nemo ta. Ya fara daga 140.85, lambar kanal ɗin da ke ba sojan umarni, yana hawa ɗaya bayan ɗaya yana kira, har ya ƙure a 141.99, aka ɗauke wuta. Washegari ya dawo ya gangara ƙasa. Yana isa 140.15 sai ga fuskar yarinyar ta bayyana. Ihun da muka yi sai da mai shayin da ke maƙwabtaka ya leƙo.

Na girma kafin in ga bayan kwalin na asali. Akwai 'yan hotuna na talla, kuma a ɗaya daga cikinsu ga Meryl, ga lambar ɓaro-ɓaro. Yaron da aka saya wa faifan a Tokyo ko Landan juya hannu kawai zai yi. A ranar na gane cewa duk shekarun da muka yi muna zuba kuɗin tararmu a shagunan gem, rabin kaya ake kawo mana, ba mu sani ba.

Duk wanda ya taɓa awo a kasuwar Sara ko ta Gwaram ya san gyara. Mai awo zai cika maka tiya ta yi tozo, ya juye a buhu, sannan ya ɗebo cikin tafinsa ya ƙara. Mai ƙosai ta jefa maka ɗaya bayan ta gama ƙirga. Ba ka biya kuɗinsa ba, amma in aka hana ka sai ka ji cinikin bai faɗa ba, kuma sau da yawa gyaran ne ke sa ka koma wurin mutum a kasuwa mai zuwa. Ban sami kalmar da ta fi wannan dacewa da abubuwan da masu yin gem suke cusawa a kwali ba: taswira, ɗan littafin bayani, wasiƙa, wani lokaci har da ɗan ƙarfe ko ƙyalle. Bambancin kawai shi ne, nasu gyaran a wasu lokuta da shi ake buɗe ƙofa.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, a Amurka ma da leda aka fara. A ƙarshen shekarun 1970, saurayi zai rubuta gem a kwamfutarsa, ya kwafa a faifai, ya sa a leda da takarda guda, ya rataya a kanti. Haka Richard Garriott ya fara sayar da nasa. Da ya zo fitar da Ultima II a 1982 sai ya kafe a kan lallai a sa shi a kwali, kuma a haɗa da taswira ta ƙyalle, wadda za a iya shimfiɗawa a naɗe ba ta yage ba. Kamfanin Sierra On-Line ne ya yarda da wannan sharaɗi, shi ya sa ya ba su. A shekarar dai kamfanin Infocom ya fitar da Deadline, labarin binciken kisan kai. Faifan wancan zamani bai wuce ya ɗauki kilobait 80 na wasan ba, wato hoto ɗaya da ka ɗauka da wayarka yau ya ninka shi sau da yawa. Da rubutu ya ƙi shiga, sai Marc Blank da abokan aikinsa suka fitar da saura a takarda: rahoton likita, bayanan waɗanda 'yan sanda suka yi wa tambayoyi, hoton inda aka tsinci gawa, har da 'yan ƙwayoyin magani a ƙulle cikin leda. Ƙarancin wuri ne ya haifi dabarar, amma masu saye suka so ta fiye da yadda aka zata, ta zama al'adar kamfanin.

Akwai dalili na biyu, kuma ya shafe mu kai tsaye. Kwafar faifai abu ne mai sauƙi, kwafar ƙyalle da kwali kuwa sai an sha wuya. Don haka gyaran ya zama kwaɗo. The Secret of Monkey Island na 1990 ya zo da wani faifan kwali mai juyawa, sai ka haɗa rabin fuska da rabin fuska ka karanto shekara kafin wasa ya buɗe. StarTropics, shi ma na 1990, ya zo da wasiƙa ta takarda, wai daga kawun yaron da ke cikin labarin. A tsakiyar wasa sai an tsoma wasiƙar a ruwa, lamba 747 ta fito. Wanda ya ari kaset ɗin ba wasiƙa, tafiyarsa ta ƙare a nan. Ba na ɓoye cewa faifan da ke zuwa mana daga Kano na kwafi ne, kuma irinmu aka yi wa waɗannan kwaɗuna. Sai dai kuɗin faifai ɗaya na asali a lokacin ya isa ya ciyar da gida kwanaki, kuma ko kana da kuɗin, ba a shagon garinmu za ka same shi ba.

A cikin duk waɗannan, wanda ya fi taɓa zuciyata shi ne The Legend of Zelda, wanda Nintendo ya fitar a Japan a 1986, ya isa Amurka a 1987 cikin kaset mai ruwan zinariya. Ƙasar wasan fage 128 ce, 16 a kwance, 8 a tsaye, kuma ba wanda zai ce maka bi nan. A cikin kwalin na Amurka an sa taswira a naɗe, amma da gangan aka bar wasu sassanta ba a zana ba, domin yaro ya cike da hannunsa. Shigeru Miyamoto, wanda ya ƙago wasan, ya sha ba da labarin ƙuruciyarsa a Sonobe, kusa da Kyoto, yadda yake yawo a daji da tuddai ba taswira, har wata rana ya gano bakin wani kogo, ya yi ta jan ƙafa, daga baya ya ɗauko fitila ya shiga. Wannan faɗuwar gaban da daɗin da ke biyo bayanta yake so ya ɗura a kaset.

Ɗan Birnin Kudu ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Mu ma a cikin duwatsu muka tashi. Akwai Dutsen Habude, akwai Dutsen Mesa, akwai Dutsen Murufu, da loko-loko da rumfunan dutse waɗanda sai ka rusuna kake shiga. Na tuna ranar da wani yayanmu ya fara kai ni ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu da hantsi. Da farko ban ga komai ba sai dutse. Ya ce in bari idona ya huce. Can sai jan zane ya fara fitowa, ga ƙaho, ga gadon baya, ga ƙafafu: saniya ce, kuma ba ta da tozo, ba irin shanun da Fulani ke kora ta bayan gari ba. Ya ɗauki ɗan dutse ya ƙwanƙwasa wani falalen da ke gefe, inda duka ya riga ya yi 'yan ramuka masu santsi, sai ya yi ƙara kamar ƙarfe. Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya yi rubutu a kan zanen nan da duwatsun nan masu amo a shekarun 1950, daga nan duniya ta san da su, har aka sa su cikin kayan tarihi na ƙasa. Amma mu ba daga littafi muka san hanyar ba. Babba ne ke nuna wa ƙarami, da baki da yatsa: in ka wuce tsamiyar nan ka yi gabas, ka bar dutsen mai tsaga a hagunka. Kwatance ke nan, kuma da shi muka shiga duniyar gem tunda an hana mu takarda.

Zamanin kaset mai ruwan ɗorawa, wanda ake rubuta wa gem dubu tara da ɗari tara da casa'in da tara alhali bai fi guda goma da ake ta maimaitawa ba, bai bukaci taswira ba. Ƙwallo ma haka. Winning Eleven da rubutun Japan ya zo mana, muka haddace shi da ƙirga: na biyu daga sama, sannan na uku, sannan ka danna da'ira. Sai da Grand Theft Auto: San Andreas ya shigo, wanda Rockstar ya fitar a 2004 a kan PlayStation 2, sannan rashin takarda ya fara yi mana ciwo sosai. A nan dole in tsaya in ce iyaye da malaman da suka yi ta faɗa a kan wannan gem suna da gaskiyarsu. Na manya ne, an rubuta haka a kwalinsa, kuma wannan gargaɗin ma yana cikin abin da ledar ta haɗiye. Da iyaye da masu shago sun ga lambar shekarun da aka buga a jiki, da wataƙila wasu ƙananan ba su zauna a bencin nan ba.

Jiha guda ce a cikin faifai: birane uku, Los Santos da San Fierro da Las Venturas, da ƙauyuka da hamada da dogon dutse a tsakaninsu. Akwai taswira a cikin wasan, amma sai an tsayar da wasa ake ganin ta, kuma inda ba ka taɓa zuwa ba a dushe yake. Wanda ya biya kuɗin minti talatin ba zai yarda ya ƙona biyar yana kallon taswira ba. Sai muka sayi littafin rubutu mai shafi sittin, irin mai jadawalin sau a bayansa. Shafukan farko na asirai ne, wato jerin maɓallan da in ka danna su a jere za a ba ka abin da ba ka wahala ba. Har yau akwai wanda ke bakina kamar karatun allo: R1, R2, L1, X, hagu, ƙasa, dama, sama, hagu, ƙasa, dama, sama. Jini ya cika, ga sulke, ga dala 250,000. Daga wani littafin aka kwafo su, shi ma daga wani, kuma in mai kwafa ya juya kibiya ɗaya, sai kuskuren ya bi gari har a sami wanda zai gyara.

A tsakiyar littafin, inda shafi biyu ke haɗuwa, muka zana ƙasar. Da fensir aka fara, aka bi da biro shuɗi, ruwa kuma aka cike shi da ɗigo-ɗigo. Sunayen Turancin ba su zauna mana a baki ba, sai muka raɗa namu. Lungun da gidan jarumin yake ya zama Layinmu. Dogon dutsen nan, Mount Chiliad, ya zama Dutsen Mesa. Aka sa alamar gidan aski, da wurin cin abinci, da gidan fenti inda ake sauya wa mota launi 'yan sanda su ɓace maka. A bakin wata gada aka rubuta da manyan baƙaƙe: KADA A HAYE TUKUNA.

Da hutu ya zo, taubashina, ɗan kawuna da ke Gwaram, ya roƙi aron littafin. Sai da aka yi shawara kafin a ba shi, aka kuma sa shi ya yi alkawari. Ya sa shi a cikin riga ya hau mota. Bayan sati uku ya dawo da shi, bangon ya yi laushi, da tabon manja a gefe, amma hamadar da muka bari fili ta cika. Yaran shagonsu sun riga mu isa can. Sun zana filin jirgin da aka watsar, sun sa wa wata doguwar hanya Hanyar Basirka, wani tudu kuma Farin Dutse. Rubutunsu ya fi namu ƙanana, da jan biro.

A nan ne amfanin takarda ya bayyana gare ni, kuma ba na jin masu yin gem a can sun hango shi yadda muka gan shi. A shagon gem na ƙasar Hausa, mutum ɗaya ke riƙe da hannu, goma na kallo. Taswirar da ke cikin talabijin ta mai hannu ce shi kaɗai. Ta takarda kuwa ta 'yan kallo ce. Yaron da ba shi da ko sisi zai karɓi littafin ya zauna a gefe ya zama ɗan jagora: "Yi dama! Miƙe, gidan fenti na gaba!" In aka tsira, da shi aka tsira. Kuma idan aka ɗauke wuta, mai shago ya ce ba mai a janareta, talabijin takan mutu da duk abin da ke cikinta, amma mu sai mu fito bakin shago mu buɗe tsakiyar littafi, mu ci gaba da gardamar ta ina za a bi gobe.

A makaranta akwai taswira a bangon ofishin hedimasta, tsohuwa, wadda Birnin Kudu da Gwaram ke cikin Jihar Kano, don an buga ta kafin a yanke Jigawa a 1991. Ba a taɓa ta, sai dai a nuna da tsinken bulala. Ta littafinmu ce taswira ta farko da na ga ana ja, ana gogewa, ana musu a kanta. Daga baya na karanta cewa a 1824, da Hugh Clapperton ya je Sakkwato yana tambayar inda kogin Kwara ya nufa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba shi taswirar ƙasar a zane, aka kuma buga ta a littafin tafiyar da ya fito a Landan a 1826. Ashe mai karatu a Ingila ya taɓa buɗe littafi ya tarar da gyara daga ƙasar Hausa.

Taswirar San Andreas ta asali sau ɗaya na riƙe ta. Wani ya sayo na'ura ta gwanjo a Kano, aka yi sa'a da faifai na asali a kwalinsa, da ɗan littafi, da takarda mai sheƙi a ninke. Muka shimfiɗa ta a kan tabarma, muka danne kusurwoyin da takalma. Kowane titi ga shi a miƙe, kowace unguwa da sunanta. Muka ɗora tamu a gefe. Mun karkatar da San Fierro, mun kuma matse hamada ta yi rabin girmanta. Amma tasu ba ta san gadar da ba a hayewa ba, ba ta san lungun da ake ɓuya ba. Aka kwafi gyare-gyare daga tasu zuwa tamu, sannan mai ita ya manna ta a bangon ɗakinsa da ƙusoshi huɗu.

Yau duniya duka ta dawo layinmu. A 2010 kamfanin Ubisoft ya ba da sanarwar daina buga littafin bayani na takarda, wasu suka bi sahu. A 2020 Sony ya fitar da wani nau'in PlayStation 5 wanda ba shi da ma ramin sa faifai. A Gwaram da Birnin Kudu yanzu gem a waya yake, ko ka sauke da data ko ka kai wa masu turi su zuba maka, kamar yadda fim ɗin Hausa ya bar kaset da kwalinsa da fastarsa ya koma cikin memori. A cikin wasannin kuma an sa kibiya ko zare mai haske da ke jan ka har inda za ka, ba sai ka san gabas da yamma ba. Na yarda an sami sauƙi, kuma yaron da ke ƙauyen Gwaram yau yana buga abin da na Landan ke bugawa a rana ɗaya, abin da mu ba mu taɓa mafarki ba. Abin da ke damuna shi ne allon waya na mutum ɗaya ne, ba wurin da na gefe zai sa yatsa. Tsofaffin kwalayen kuwa sun zama kayan masu kuɗi: a watan Yulin 2021 an yi gwanjon wani Zelda da ba a taɓa buɗewa ba a kan dala 870,000. Taswirar da ke ciki, wadda aka bar wa fili don yaro ya cike, tana nan a ninke tun 1987, kuma wanda ya saya ba zai taɓa buɗe ta ba.

Bara da na je gida, Inna ta sa aka fito da wata tsohuwar adaka za a zubar da takardun da gara ta ci. Ta ce, "Duba ko akwai naka kafin a kai bola." A ƙarƙashin littattafan firamare na ga littafin taswirarmu. Gara ta cinye shafukan asirai tun daga gefe, ta bar tsakiya. Ga shuɗin biro namu, ga ja na mutanen Gwaram, ga wani ɗan rubutu da fensir a kusa da gidan fenti, hannun yaron nan ɗan mai gyaran rediyo, wanda Allah ya yi wa rasuwa shekarun baya. Ɗan ƙanwata, mai shekara tara, ya ajiye wayar da ke hannunsa ya matso. Ya bi Hanyar Basirka da yatsa har ƙarshen shafi, sannan ya ɗago ya ce, "Kawu, nan wane gari ne?"